Shekarar da Gyaɗa Ta Kamu da Shawara

Ku 'ya'yana, akwai wata magana da nake jin kuna yaɗawa, kuma gara in gyara ta tun hannuna yana iya riƙe alƙalami. Ranar sunan ɗan 'yar'uwarku Zainabu a nan Gummi, na ji yayanku Bashir yana gaya wa baƙi wai ni na warkar da gyaɗar ƙauyenmu a shekarar da ta yi rawaya. Ban gyara masa a wurin ba, don ba a ƙaryata mutum a gaban surukansa. Amma ba haka aka yi ba. Ni na sa wa gyaɗar ciwo da hannuna, wadda kuwa ta fara gano kan ciwon ita ce Inna, kakarku, wadda ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa. Mu can gujiya muke cewa, amma tunda rabinku a Kano kuka yi karatu, zan riƙa rubuta gyaɗa, sai in wani ne ke magana in bar shi da bakinsa.

Bayan rasuwar Baba, gandunmu ya koma hannun wana, Yaya Mamman. Babbar gonarmu tana bakin hanyar da ke zuwa Nasarawa Burkullu, sunanta Kufai, don a nan tsohon gari ya zauna kafin a tashi. In kana huɗa kakan tono tsingaro, ga kuma ramukan tsohuwar marina da suka cike. Ƙasar ja ce daga gefe, amma tsakiya toka-toka take, da 'yan fararen tsakuwoyi, saboda tokar da mutanen da suka shuɗe suka yi ta zubawa shekara da shekaru. Tun ina yaro yadda ake shuka ta ɗaya ne: kunyar gero, kunyar gyaɗa, kunyar gero, kunyar gyaɗa, Baba kuma yakan barbaɗa wa gyaɗar ɗan takin kanti da ake kira sufa. Da kaka ta wuce sai maƙwabcinmu Buba, wani Bafillace mai dogon wuya da yawan dariya, ya kawo shanunsa su zauna cikin gonar har faɗuwar ruwa. Su ci kara, su bar mana taki, matarsa kuma ta riƙa kawo wa Inna nono kullum da hantsi.

Ni kuwa a lokacin an ɗauke ni aikin malamin gona. Ga babur, ga littafi a aljihu, ga igiyar awon layi a ɗaure bayan sirdi. An koya mana cewa kowane iri a shuka shi shi kaɗai, a layi miƙaƙƙe, a ba shi takin zamani. Ofishinmu yana neman gonar gwaji a bakin hanya, inda masu wucewa za su gani su kwaikwaya. Ban yi shawara da kowa ba na ce a ba ni, muna da Kufai. Da na zo wa Yaya Mamman da maganar, ya daɗe yana sosa gemu.

“Ummaru, gujiya zalla? Babu gero ko kunya guda?”

“Yaya, gero ne ke tare mata rana, yana cinye mata taki. Ka bar ni da ita bana, ka ga abin mamaki.”

“To, kai ka yi karatu. Allah shi sa mu gani.”

Mun kuwa ga abin mamaki. Abu na farko da na yi, na tara karan gonar duka na cinna masa wuta, don ina son ta fita tas kamar ta hoton littafi. Na biyu, na je na gaya wa Buba bana shanunsa su nemi wani wuri, wai kashinsu na kawo irin ciyawa. Ina zaton zai yi fushi. Sai ya jingina da sandarsa ya dube ni daga sama har ƙasa, ya yi dariya.

“To, Malam Ummaru. Shanu dai ba su riƙon mutum. In kunka neme mu, muna nan bayan rahi.”

Mutum ɗaya ce ta gagare ni. A kusurwar gabas ta Kufai akwai 'yar gayaunar Inna, wadda Baba ya yanka mata tun tana amarya. Ita ke shuka ta, ita ke cira, da ita take samun na goro da na zumunci. Na je mata da igiyata da littafina, tana zaune tana ɓarar iri. Ni ne ƙaraminsu, har na yi gemu ba ta daina ce mini Auta ba.

“Auta, ɗauke igiyagga daga gabana. Gonar ubanka ka yi yadda kake so da ita, tunda wanka ya yarda. Tawa kam, yadda nis saba.”

Ta kuma aika wa Buba cewa ita ba ta kore shi ba. Ya turke mata shanu 'yan kaɗan a kusurwarta har ƙarshen rani.

Ruwa ya sauka da kyau a shekarar. Muka shuka da igiya, na sa takin kamfa, muka kafa allo a bakin hanya da sunan iri da ranar shuka. Da gyaɗar ta tsiro, wallahi ko ni sai na tsaya ina kallo. Layi ya miƙe kamar an ja shi da alƙalami. Masu zuwa kasuwa sukan sauka daga jakuna su duba. Na riƙa ajiye babur kusa da allon don a san gonar wa ce. Haka har aka yi noman firi. Bayan nan ne wata safiya na lura sababbin ganyen kai sun ɗan koɗe. Na ce marka ce, in rana ta fito za su dawo. Rana ta fito, ba su dawo ba. Cikin kwana goma gonar nan ta zama ruwan ɗorawa daga wannan gefe zuwa wancan, jijiyoyin ganyen kore, tsakaninsu rawaya, wasu har sun fara fari. Abin da na sani a lokacin shi ne in ganye ya yi rawaya yuriya yake so. Na zuba yuriya. Na jira mako. Na ƙara. Ciyawa ta yi murna, gyaɗa ko a jikinta.

Gida ya ɗauki zance. Mahaifiyarku Hauwa, wadda da rabonmu na gyaɗar gandu take yin mai da ƙuli-ƙuli duk rani, ta kawo mini tuwo ta ajiye, ta ce a hankali:

“Malam, in ba da aron kaskon suyata, ko in jira tukuna?”

Abin da Yaya Mamman ya yi mini ya fi zagi ciwo. A masallaci sai ya gaisa da na damana da na haguna, ni ya ɗaga mini kai kawai. Inna kuwa a tsakar gida ta faɗi tata, gaban mata duka.

“Gujiyar Auta ta kamu da shawara. Ku duba idonta, rawaya. Shawara ta yi mata yawa, ta malam da ta ohis.”

Matan gida suka yi ta dariya har wata ta zubar da tsakin da take tankaɗe. Kafin la'asar maganar ta kai bakin kasuwa. Wata biyu cur, duk inda na wuce da babur sai in ji an ce, “Malam, ya mai jiki?”

Washegari da sassafe Inna ta ɗauki sandarta ta ce in biyo ta gona. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta tsaya a tsakiyar gyaɗata ta sunkuya, ta riƙe tushe ɗaya.

“Wane ganye na ba shi da lahiya, na bisa ko na ƙasa?”

“Na bisa, Inna.”

“To yunwar takin da ka sani, daga ƙasa take hwarawa. Tsohon ganye shi ka hwara mutuwa, shi bar ma ƙarami. Wagga daga bisa tah hwara. Ba ita ta ba. Kana ta ɗura ma yarinya maganin ciwon da ba shi take yi ba.”

Shekara uku na yi a makarantar koyon aikin gona, ban taɓa sunkuyawa na tambayi kaina wannan ba. Daga nan ta ja ni gabas. Gayaunarta tana nan kore shar, gero ya kai ƙugu, gyaɗa ta baje tsakaninsa tana fure. Amma ba ita take so in gani ba. Ta nuna mini kunyata ta ƙarshe, wadda ke manne da geronta. Iri ɗaya da sauran, taki ɗaya, rana ɗaya aka shuka su, amma ita kore ce. Ta kusa da ita ta ɗan koɗe. Ta uku rawaya fes.

“Wa yab ba wagga magani?” in ji ta.

Ta sa yatsunta ta tone ƙasar a hankali har saiwoyi suka bayyana. Saiwar geronta ta ratso iyaka ta sarƙe da ta gyaɗata, har ba ka iya cewa ga ta wannan ga ta wancan.

“Ni ban san mi suka ba juna ba a ƙasa,” ta ce. “Amma na san gujiya ba ta son zaman kaɗaici a Kuhwai. Tahi ka tambayi waɗanda sunka koya maka, ko su sun sani.”

Na tuge tushe uku, mai rawaya, mai kore na iyaka, da na gayaunar Inna, na naɗe su a jiƙaƙƙen buhu, na ɗebi ƙasa a leda, na hau babur sai Anka. A can tsohon malamina yake, Malam Habu, wanda ya koya mana ilimin ƙasa kafin ya yi ritaya. Na same shi a ƙarƙashin bedi yana gyaran rediyo. Ya baje tsirran a kan tabarma, ya ɗaga ganye ɗaya yana duba shi ta hasken rana, sannan ya aika cikin gida a kawo masa lemon tsami. Ya matsa shi a kan fararen tsakuwoyin da ke cikin ƙasata. Sai ga su suna 'yar kumfa.

“Ka gani? Ƙasarka ta sha toka. Gyaɗarka yunwar ƙarfe take ji.”

“Ƙarfe, Malam? Ai ƙasarmu ja ce, kai ka koya mana ƙarfe ne ke sa ta ja.”

“Yana nan, amma a kulle. Ka taɓa ganin mai yunwa zaune a gindin rumbun da ba shi da tsanin hawa?”

Ya sa na zauna, ya yi mini karatun da na yi barci aka yi shi a aji. Ya ce tsiro ba haɗiye duk abin da ya tarar yake yi ba, yana auna abin da yake bukata. In ganye ya ji ƙarancin ƙarfe, sai ya aika wa saiwa. Saiwar gyaɗa dabararta ita ce ta fitar da ɗan tsami ya narkar da ƙarfen ƙasa ta sha, to amma a ƙasa mai toka tsamin yana fita tokar ke kashe shi. Gero da dawa tasu dabarar daban ce. Saiwarsu tana fitar da wani ruwa da ke kama ƙarfen ya kwance shi, ko da toka, kuma duk saiwar da ke maƙwabtaka da su tana samun rabonta. Na ce to shi ke nan, laifina cire gero. Ya girgiza kai.

“Wannan rabi ne. Me kake ba gonar a da?”

Na gaya masa shanun Buba da sufar Baba, da karan da na ƙone.

“To ka kori farar wuta ta ƙofa uku. Tana cikin kashin shanu, tana cikin sufa, wadda ke cikin kara kuma ta bi hayaƙi. Yuriyarka da kamfarka babu ita ciki.”

Ya ce a cikin ganye ƙarfe da farar wuta tare ake haɗa su kafin su yi aiki, ɗaya ba ya tafiya sai da ɗaya. Ko ruwan nan na saiwar gero, da farar wuta ake ƙera shi. In tsiro ya ji farar wuta ta yi ƙaranci, da kansa yake rage jan ƙarfe, don ƙarfen da ya shigo bai sami abokin aiki ba ɓarna yake yi masa. Tsohon ganye kuma ba ya sakin su ya ba sabo, shi ya sa ciwon ke fara nunawa daga kai. Da ya gama ya tambaye ni wa ya ce in kawo tsirrai uku maimakon ɗaya. Na ce Inna ce ta nuna mini. Ya ce in gaishe ta, in ce mata abokin aikinta na Anka yana jinjina. Ya ba ni wani ɗan ƙullin gari mai launin tsanwa, ya ce ƙarfe ne da farar wuta a haɗe, in narkar in fesa da yamma. Bai fi na kunya goma ba. Ya ce in nemi sufa in zuba wa sauran, za ta taimaka wa ƙwaya, amma kada in sa rai gonar za ta dawo duka bana.

Da na mayar wa Inna da bayanin, ta saurara tana tauna goro har na kai ƙarshe.

“Wato in babu guda, sai ta rage ɗaukar gudan?”

“Haka ya ce.”

“To ai ko ni ba ni kirɓa hura hiye da nonon da ni ke da shi. Don wanga ne kat tahi har Anka?”

Saura kwana goma sha biyu ranar da ofis ya sa za a kawo baƙi da manoman ƙauyuka su ga gonar gwaji. Shugabanmu ya zo dubawa. Ba mugun mutum ba ne, yana dai tsoron na sama da shi kamar kowa. Ya ga gonar ya cire hula ya share zufa. Da na nuna masa ƙullin Malam Habu, sai fuskarsa ta saki.

“Alhamdu lillahi. Fesa wa kunyoyin bakin hanya, kusa da allo. Manyan baƙi ba sa shiga gona da takalmansu. Mu tsaya nan, a yi jawabi, a ɗauki hoto, a tafi.”

Ya kuma tuna mini cewa sunana yana cikin waɗanda za a ƙara wa girma a shekarar. Ba zan ɓoye muku ba, na so. Na kwana biyu ina jujjuya abin. Abin da ya hana ni shi ne manoma da yawa sun riga sun gaya mini baɗi su ma za su cire gero su yi irin tawa, wasunsu kuma a irin ƙasar Kufai suke noma. Na gaya wa Hauwa abin da nake shirin yi da abin da zai iya biyo baya. Ta ce:

“Malam, girman da za a ƙara ma ka a kan rumbunan mutane, ba mu so. Yi abin da za ka iya haɗa ido da su gobe.”

Sai na shiga can tsakiyar gona, inda ba a hange daga hanya, na fesa wa kunya goma. Cikin mako suka fara kore.

Ranar taro aka kafa rumfa, aka jera kujeru. Baƙi suka sauko daga mota suka yi cirko-cirko suna kallon rawayar gona. Da aka ba ni magana, na ce kowa ya naɗe wandonsa ya biyo ni. Na fara kai su cikin mai ciwo, na ce wannan aikina ne, ga abin da na yi ɗaya bayan ɗaya. Na kai su kunyoyi goma, na ce wannan maganin kanti ne, yana aiki, amma ba kowa zai same shi ba. Sannan na kai su gabas, na tona musu saiwar gero da ta gyaɗa, na ce wannan kuma gonar mahaifiyata ce, wadda ta ƙi jin shawarata. Wani tsoho daga Nasarawa Burkullu ya ɗaga murya:

“To mu wa za mu bi, malam ko uwar malam?”

Na ce, “In ƙasarka irin wagga ce, bi uwar malam. Ni ma ita zan bi.”

Aka fashe da dariya, har da wasu cikin baƙin. Shugabanmu bai yi ba. Yaya Mamman, wanda ke tsaye can baya, ya ratso mutane ya zo ya tsaya kusa da ni. Ya karɓi fartanyar hannuna ya mayar da ƙasa a kan saiwar da na tona.

Da yamma na tafi bayan rafi wurin Buba. Na fara kame-kame, ya katse ni.

“Useko, na gode, Malam, ba sai ka hwaɗi ba. Tun ranar da kak kore su nic ce ma shanu kada su yi nisa.”

Gyaɗar gandu a shekarar ko rabin ta kullum ba ta kai ba, ƙwayar kuma ƙanana. Geron da ba mu shuka a Kufai ba ya bar giɓi a rumbu, sai da muka haɗa da dawar wata gona muka kai damina. Na bar wa Yaya Mamman rabona. Hauwa ta ba da aron kaskonta, amma bai daɗe a waje ba, don Inna ta aiko mata da buhu daga gayauna, tare da saƙon cewa ba don ɗanta ta ba ta ba. Ƙarin girma ya wuce ni, sai bayan shekara huɗu ya zo. Kafin rani ya ƙare takarda ta iso, an mayar da ni Gwashi. A wancan lokaci in ruwa ya sauka, hanyar can sai ka tura babur ya fi ka hau. Hauwa ta yi kuka ranar da muka ɗaure kaya, Bashir yana goye. Amma mun bar shanun Buba kwance a Kufai, kuma damina mai zuwa Yaya Mamman ya aiko mini da ganyen gyaɗa guda ɗaya a cikin ambulan, kore shar, babu ko wasiƙa.

A Gwashi, makona na biyu da fara aiki bayan saukar ruwa, wani magidanci ya tare ni a bakin kasuwa, hankalinsa a tashe, ya ce wakensa yana rawaya, wane taki zai saya. Hannuna har ya kai aljihu wurin littafi. Na fasa. Na ce ganyen bisa ko na ƙasa? Ya ce bai duba ba. Na ce wa ya fi daɗewa yana noma wannan gonar? Ya ce gwaggonsa, amma tsohuwa ce tukuf, ba ta fita. Na ce ya kai ni.

Muka same ta a gindin rumbu tana kaɗi. Ya gaya mata ga sabon malamin gona ya zo da tambaya. Ta ajiye mazarin, ta ƙare mini kallo.

“Malamin gona? Shi da kansa yaz zo tambaya?”

“Ni ne, Gwaggo.”

Ta juya ga ɗan ɗan'uwan nata.

“Ɗauko mai tabarma, ka ce a dama hura. Shekara hamsin ina jiran wani ya tambaye ni.”

Sai da aka kira la'asar na tashi daga wurin, littafina ya cika har bango.